Sharar Inna Dije

Har gobe ba na mance wata Juma'a da muka yi a wani ƙauye kusa da Farin Dutse, a ƙasar Gwaram. Lokacin ni ne mai duba ƙasa a ayarin masu haƙa rijiyar burtsatse. Ku sababbin shiga, ku saurara.

A aikinmu, duk sandar ƙarfen da injin ya tura ƙasa, mukan ɗebi abin da ta turo sama mu tsiba shi a gefe, tsibi na bin tsibi a jere. Da wannan jerin nake karanta tarihin wuri. Can gabas wajen Gombe, inda na koyi aiki, ƙasa ce ta tsage tun ba a yi mutane ba, ta lotsa, koguna da teku suka yi ta cika kwarin da yashi da laka hawa-hawa. Gwaram kuwa a gefe take, dutse kusa yake, sai dai a dace da tsohon rafi da ya binne. Mun dace. Saura in gane daidai inda yashi mai ruwa yake, a sa bututu mai tsaga-tsaga, wanda ruwa ke shiga ta jikinsa, a saitinsa. In aka sa shi a saitin laka an yi aikin banza, ga shi an taɓa haƙa wa garin rami ba a samu ko ɗigo ba.

Muka tafi masallaci. Da muka dawo sai muka tarar da fili fes, an share, har an yayyafa ruwa, a garin da ake tafiya mai nisa kafin a samo tulu guda. Ga tabarma, ga ƙwaryar fura. Tsibin ƙasa ko ɗaya babu.

Ashe Inna Dije, mahaifiyar mai unguwa, ita ta tara mata bayan maza sun watse, suka share wurin. Wai abin kunya ne baƙi su yini cikin tarkace.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma furar dai na sha ta, don ba ita ta yi laifi ba. Da mai unguwa ya yi wa Inna Dije bayanin amfanin tsibin sai ta zauna daɓas.

"Malam, yanzu ni na hana garina ruwa ke nan?"

Na roƙe ta ta nuna mini inda suka zubar. Bayan wata danga muka same shi, kwando-kwando, bai cakuɗe sosai ba. Ta ce daga gabashin jerin suka faro kwashewa. Baƙar lakar ma daban ta ajiye ta, za ta yi yaɓen rumbu. Malam Sule, mai tuƙa injin, ya tuna sandunan da suka yi masa tauri da inda injin ya zarce da sauƙi. Ni kuma na yi ta murza ƙasa a tafin hannu, ina haɗa maganarta da tasa da abin da na san tsohon rafi yakan bari, tsakuwa a ƙasa, yashi a kai, laka a sama. Na nuna inda za a sa bututun.

Washegari aka hura iska a ramin don a wanke shi. Jan ruwa ya fara fitowa, ya koma launin ƙasa, can sai ga shi garau yana tashi sama. Inna Dije ba ta fito ba sai da aka kai mata a moɗa. Ta sha, ta share ido da bakin mayafi, ta ce da mun gaya musu tun farko, da gadin tsibin za su yi.

Gaskiya ta faɗa. A sana'ar nan mun saba tara maza a ƙofar mai unguwa mu yi bayani, masu ɗaukar tulun kuwa babu mai ce musu komai. Tun daga ranar, duk garin da na sauka, ba na bari a tayar da injin sai na nemi tsohuwar da mata ke jin maganarta na gaishe ta.