Kawu Ya Ce A Leƙo Litinin

Duk unguwarmu ta Hashimi a Suleja babu wanda ya gane yayana, kuma sau biyu suka yi kuskuren. Da farko sun ce salihi ne. Daga baya suka ce ya lalace. Shi kuwa yana nan yadda na buɗe ido na gan shi, su ne suke ta sauya baki.

Salihancin nasa ba komai ba ne illa ba ya kallon idon mutum. In babba na yi masa magana, sai ya kafa ido a ƙasa ko a maɓallin rigar mai maganar. Dattawa su yi ta gyaɗa kai: “Wannan yaro da kunya yake. Ga tarbiyya.” Sannan a juyo a harare ni, ni fitsararriya mai kallon mutum tsakiyar ido. Ba wanda ya lura cewa ko akuyar gidanmu Yaya ba ya kallon idonta. Yana dab da gama firamare wata likita a Abuja ta gaya wa Umma abin yana da suna, otizim. Da Umma ta dawo ta faɗa wa dangi, sai suka ce likitocin zamani har kunya sun mayar ciwo.

Lalacewar ta zo ne ranar da ya samu gurbi a kwalejin horar da malamai, aka ji abin da zai karanta: koyar da kiɗa da waƙa. Nan da nan aka tuna cewa zuriyarmu babu maroƙi. Wata gwaggonmu ta ce yaron da ke toshe kunne in an tada janareto, ina shi ina kiɗa? Ban tsaya yi mata bayani ba. Yaya ba sauti ya tsana ba, hayaniya ya tsana, kuma Suleja ba ta san bambancin ba.

Ya yi karatunsa da sarewarsa a aljihu har ya kai shekarar ƙarshe. Saura koyarwar gwaji. Dole wata makaranta ta ba shi aji, malamin kwaleji ya zo ya zauna a baya ya ga yadda yake koyarwa. In babu wannan, babu takardar kammalawa. Makarantun da ya je, wasu suka ce ba sa darasin kiɗa, wasu suka ƙare masa kallo suka ce za su neme shi. Sai Umma ta ce mu je wajen Kawu, wanta, mai makarantar kuɗi a Bagama, wanda ya fi kowa yabon kunyar Yaya.

Bayan ya shanya mu a waje, Kawu ya ce mu shigo falo.

“Malam, ina gajiya?” ya ce da Yaya.

“Akwai, Kawu. Mun daɗe a tsaye.”

Na yi dariya, Umma ta mintsine ni. Ta yi bayani da kewaye-kewaye har ta iso kan kalmar kiɗa. Kawu ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar.

“To. Ai ba komai, abu ne na gida. Ya leƙo ranar Litinin mu gani, in Allah ya yarda.”

A keke Napep Umma ta yi ta share ido da gefen hijabi, don ta san wanta. A gidanmu babba ba ya cewa a’a, Litinin yake cewa. Muna isa gida Yaya ya ɗauko dutsen guga.

“Yaya, Kawu fa a’a ya ce.”

“Bai ce a’a ba. Litinin ya ce.”

Ya ci gaba da gugar rigarsa.

Litinin da sassafe ya tafi. Kawu ba ya zuwa makarantar sai rana ta yi. Wadda Yaya ya tarar ita ce shugabar makarantar, wata mata daga kudu da kowa ke kira Madam. Ya ce mata mai makaranta ya ce ya zo yau. Ita ma ba ta san Litinin ɗin Kawu ba, ga shi tana fama da ƙarancin malamai. Ta miƙa masa alli ta nuna masa aji uku.

Na leƙa wata rana da sunan kai masa abinci. Bai yi tsawa ba, bai riƙe bulala ba. Tafi yake yi a hankali, yara su maimaita, ya sauya, su bi shi, dole su yi shiru in suna son su ji. Ba zan ce komai lafiya ba. Da aka buga ƙarfen tashi, ya tsaya cak hannu a kunne, wasu yaran na dariya suna kwaikwayonsa. Ƙarfen na yin shiru ya ɗora daga daidai inda ya tsaya, su kuma suka ƙi fita sai da suka ƙarasa waƙar.

Da Kawu ya gano, bai iya korarsa ba, don kora sai da a’a. Sai ya koma ajiye mota ta bayan makaranta yana shiga ofis ta ƙofar baya, a makarantarsa ta kansa. Wannan fa mutumin da duk bikin yaye ɗalibai sai ya ɗauko mai kiɗan lasifika da ake jin dukansa har Diko, yara na tiƙar rawa cikin doguwar riga, shi yana kan kujerar gaba yana kaɗa ƙafa. Wannan ba roƙo ba ne, shagali ne. Ɗan ƙanwarsa da alli a hannu ne zai zubar da mutuncin gida.

Makon jiya kwaleji ta aiko cewa malamin da zai duba Yaya yana zuwa Laraba mai zuwa. Washegari matar Kawu ta zo gidanmu, wai ta biyo hanya ne. Bayan ta sha ruwa ta ce Alhaji ya ce yaron nan yana wahala da yawa, ya ɗan huta mako guda.

“Wane makon?” na tambaya.

“Ke ba da ke nake ba.”

“Makon Laraba?”

Umma ta ce in tashi in duba tukunya. Da baƙuwa ta tafi ta kira ni ɗaki.

“Ki lallaɓa yayanki ya zauna a gida. Ke yake jin maganarki.”

“Umma, in ya zauna shekarunsa sun tafi a banza.”

“Wana ne. Ya kike so in yi?”

Na juya na fita, ta bi ni da kallo.

Ga abin da na yanke. Duk Juma’a bayan an sauko daga masallaci Kawu yana zama a ƙofar gidansa da abokansa, dattawan nan masu yabon kunya. Na san ba wurin ’yan mata ba ne. Zan sa hijabina mafi tsawo, in tafi da Yaya, in durƙusa nesa kaɗan, ido a ƙasa yadda suke so. Zan gaishe su ɗaya bayan ɗaya har in tambayi gajiya. Sannan in ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji, in ce Umma ta aiko mu godiya, Kawu ya riƙe zumunci, ya ba ɗansa aji, har ya yarda malamin kwaleji ya zo ranar Laraba.

Mutumin da ya kasa cewa a’a a falonsa ba zai fara a gaban jama’a ba. Zai cire hula ya leƙa cikinta ya ce ba komai, abu ne na gida. Ni kuma wannan karon irin na Yaya zan yi, in ɗauka da gaske yake.