Masu Cizo

Yau da safe aka sabunta kwamfutar ofishinmu na Utako, sai na tarar fomulolin da marigayi ogana, wanda muke kira Baba, ya ƙirƙira a teburin lissafi duk sun cakuɗe. Da su muke auna maganin feshin manoman Yangoji, kuma in aka ɗauki wadda ba ita ba, gonar mutum ta ƙone.

Shi Baba rukuni-rukuni ya kasa su, kowanne da sunan da ya raɗa masa: Masu Ladabi, Masu Gardama, sai Masu Cizo. Ranar da na nufi na ƙarshen, caraf ya riƙe min hannu, tafinsa da sanyi, bakinsa na ƙamshin kanumfari.

"Kai ɗana, waɗannan lita suke ci," in ji shi. "Ka kuskura ka ba su mililita, sai sun cije ka."

Yanzu ga manomi zaune yana jirana. Ga fomulolin nan a jere ba sunan rukuni, kowacce ta yi lakwas kamar ba ta taɓa cizon kowa ba.

Allah ya sa Baba cikin rukunin bayinsa na gari. Ni kuma ya nuna min masu cizon kafin in danna.