Kunun da Hajiya Ta Kai Kakuri

Na yi shekaru ina yawon duniya da aikin tafinta, kuma babban abin taƙamata shi ne ban taɓa sa hannu a takardar da ban karanta ba. A Dakar na taɓa tsayar da dogon layi saboda jimla ɗaya ta Faransanci. A Alkahira sai da wani ma'aikaci ya haɗa ni da Allah in sa hannu in ba shi wuri. Sai ga shi a falona na Unguwar Sanusi wata 'yar na'ura da ba ta fi gwangwanin madara ba ta kayar da ni.

'Yata ce ta kawo ta lokacin da hawan jini ya matsa mini. Ta ce na'urar za ta riƙa tuna mini shan magani. Ta miƙo wayarta cike da ƙananan rubutu, ta ce, "Baba, karanta tukuna." Tabarauna yana ɗaki, kuma ban so ta ga ina lalube ba. Na gyara murya na ce irin wannan na sha karanta shi da harsuna huɗu, na danna amincewa. Ashe cikin abin da na amince da shi har da cewa na'urar za ta saurari hirar falo, duk abin da ya shafi lafiya ta taƙaita ta aika mata.

Ina da aboki, tsohon makanike a Kakuri, mutumin kudu maso gabas, wanda Hausarsa ta fi ta jikokina. Oga muke ce masa. Wata rana da hantsi ya zo, ya ƙi shan shayi, ya ce likita ya ga wani abu a hantarsa.

"Alhaji, ko Madam ban gaya wa ba. Sai sakamako na biyu ya fito. Kai kaɗai ka sani."

Na dafa ƙirji na ce maganar ta mutu a nan.

Saƙon ya isa wurin 'yata kafin azahar. Ta ɗauka ni ne, ta kira uwarta tana kuka. Hajiya ta ce mata mahaifinki ga shi can ya tashi da tuwo malmala biyu, wanda ya zo dai Oga ne. Washegari ta dama kunun gyaɗa, ta cika fulas, don a wurinmu ba a jin ciwon mutum a zauna. Ta leƙo ta ce za ta Kakuri. Ina bayan jarida na ce a dawo lafiya. Nan ma ban tambayi abin da nake amincewa da shi ba.

Madam, matar Oga, ita ce ta buɗe mata ƙofa. Hajiya ta ce ta zo dubiya. Madam ta ce, "Dubiyar wa?"

Bayan kwana uku Oga ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa. Na yi ta bayani, har na ɗauko na'urar na nuna masa kamar na kamo ɓarawo.

Ya dube ta, ya dube ni. "To, kai ka danna ka yarda. Ni wa ya tambaye ni?"

Na ce ai ni ma ban karanta ba.

"Alhaji, a garejina ko tsohuwar mota ba na buɗe wa ciki sai mai ita ya ce buɗe."

Na cire na'urar daga wuta a gabansa, na jefa a durowa. Har yanzu yana zuwa, yana shan shayi, muna hirar ƙwallo da lalacewar titin Makera. Sakamako na biyu kuwa a bakin Hajiya na ji shi, ita kuma daga Madam.