Garin Gozo a Bayan Dokin Baba

A duk layinmu na unguwar Kokoro a Bangui, mahaifina kaɗai ke da doki. Kowa ya koma babur, har da ni da nake sayar da kayan gyaransa a kasuwar Kilomita Biyar, amma Baba ya ce shi ba ya hawan abin da bai san muryarsa ba. Dokin ja ne, yana ɗaure a gindin mangwaron bayan gida.

Shekarar da Baba ya tashi daga doguwar jinya, sai dokin ya canza hali. Da ya hango sirdi sai ya kwantar da kunne, ya kama tokarin ƙasa. Inna, mahaifiyata, ta ce ƙarar babura ce ta haukata shi. Ta kuma yanke hukunci: in Salla ta zo bai natsu ba, a kai shi wajen masu shanu a bayan gari, don ba za ta zuba ido ya kayar mata da tsoho ba. Na ga abin ya taɓa Baba ƙwarai.

Wata safiya ya kira ni. "Kai, je ka ce wa uwarka ta ba ni garin gozo kofi guda."

Gozo shi ne tuwon rogon da duk Bangui ke ci. Inna ta miƙo garin tana mita: "Ikon Allah! Yanzu kuma dokin ne zai ci tuwo?"

Hannun Baba yana rawa tun bayan ciwon, don haka shi ke faɗa, ni nake yi. Na barbaɗa garin a bayan dokin har ya yi fari fat. Na lallaɓa na ɗora sirdin tsirararsa, ba bargo a ƙasa, na danna, na ɗaga. Muka juya shi muka duba huhun, wato matashin da ke kwanciya a jikin doki. Gari ya kama gaba, ya kama baya, tsakiya kuwa ko ƙwaya.

"Ka gani?" in ji Baba. "Tun da na kwanta ba wanda ya hau shi, naman bayansa ya zube. Sirdi na nan yadda yake, shi ne ya rame. Kafaɗarsa yake ci. In kai ne za ka tsaya?"

Na farke ɗinkin, na rage audugar rimi daga gaba, na cusa a tsakiya. Ni dai na ƙosa, shago na jirana, sai soka basilla nake yi yadda na ga dama.

"Yeke yeke!" ya daka mini tsawa. Sannu sannu ke nan da Sango, harshen da ba ya yarda a yi masa a gida. "Tunda Hausa ba ta shiga kunnenka."

Muka yi ta barbaɗawa muna ɗagawa har gari ya kama ko'ina daidai. Da na ja majayi, ya sa na zura yatsuna tsakaninsa da cikin dokin, kada ya matse. Dokin ya ja dogon numfashi, ya saki kunnuwansa. Sannan aka zo kan mahayi. Na ƙara wa likkafa tsawo saboda gwiwarsa, na shimfiɗa buzu a mazauni, don shi ma Baba ƙashi ne ya rage.

Ranar Salla da hantsi dokin ya tsaya cak. Baba ya kama gaban sirdi, ya ɗaga ƙafa, ba ta kai likkafa ba. Ya sake gwadawa, ba ta kai ba. Inna tana bakin ƙofa tana kallo.

Na durƙusa kusa da dokin, na kafa gwiwa ɗaya.

"Tashi, za ka ɓata sabon wandonka."

"Taka kawai, Baba."

Ya taka cinyata ya haye. Na ɗaure jiki ina jiran nauyin mutumin da ya saba ɗaukata a wuya, wallahi ban ji komai ba, kamar an ɗora mini kwandon wanki. Zuciyata ta karye. Na sunkuyar da kai ina gyara masa likkafar da ba ta buƙatar gyara, har sai da ya ce daga sama, "Sakar mini ƙafa mana, za mu rasa Idi."