Karkataccen Layi A Cikin Tabarau

Shekara talatin da ɗaya Baba Layi ya yi a durƙushe yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane. Sunan ma wajen aiki ya samo shi, domin in layi ya kauce ko da faɗin farce ne, sai ya ɓamɓare ya sake. Ƙarshe dai baya ya ce ya gaji. Ciwo ya tare masa a ƙugu. Ya sha ƙwayoyi har ciki ya fara ƙuna, an yi gashi, an yi tausa, an ɗaura ɗamara, abu shiru.

Shekara biyu ke nan tsoro ya hana shi sunkuyawa. Matarsa ke sa masa takalmi, ita ke yanke masa farcen ƙafa, abin da ya faɗi kuma ita ke ɗauka. Wannan ya fi ciwon cin ransa.

Ranar da ta raka shi asibiti, likitar sashen gashi ta ɗaura masa wani ƙaton tabarau mai nuna hoto kamar gaske, da ya rufe rabin fuska.

"Baba, za ka gan ka a wani gida a bakin teku. In tsuntsaye sun gifta, ka riƙa bin su da hannu. So muke jikinka ya daina tsoron motsi."

"'Yata, abin da ya gagari allura, tsuntsun ƙarya ne zai iya?"

Ya ga gidan kuwa, ga teku, ga tsuntsaye. Amma ina ruwan mai tayil da sama? Ƙasa ya duba, sai ga layin tayil ya karkace wajen ƙofa.

"Wane sakarai ne ya yi wannan aikin?" Ya sunkuya ya kai yatsa, ya ji sanyin simintin asibiti.

"Baba, ka san inda hannunka yake?" in ji likita.

Sai a lokacin ciwon ya tuna da shi, da ƙyar ya miƙe. Ta ce ba warkewa ya yi ba, sai ya yi ta zuwa sau biyu a mako, wata da watanni. Tun daga jin lissafin ya gaji.

Da suka iso gida, makulli ya suɓuce masa a bakin ƙofa. Matar ta dafa gwiwa za ta ɗauka, ta saki wani ɗan "wash" ƙasa-ƙasa, irin na wadda ta saba ɓoyewa. Kunya ta kama shi. Shekara biyu yana kallon ƙeyarta tana sunkuya masa, bai taɓa tambayar lafiyar nata bayan ba.

"Bari," ya ce.

"Malam, bayanka fa."

"Na ce ki bari."

Ya dafa bango ya fara sauka kaɗan-kaɗan, gumi na keto masa. Ta tsaya kusa da hannu biyu a buɗe ko zai faɗi, ta bar masa makullin a ƙasa.