Allurar da Sulan Ta Ajiye

Duk wanda ya taɓa cin taliyar shinkafa a bakin tsohuwar masaƙar garinmu Hanzhong ya san Meng Sulan. Ta ƙare ƙuruciyarta a gaban injin saƙa, da aka rufe masaƙar ba ta zauna kuka ba, ta kafa rumfa a bakin ƙofar ta ci gaba da ciyar da waɗanda aka kora tare da ita. Ba ta da yawan magana, amma kan al'ada ba ta da wasa. Ka kuskura ka soka tsinkayen cin abinci a tsaye cikin kwanonka yadda ake yi wa matattu, sai ta zare su ta harare ka, ko kai ne shugaban unguwa. Mijinta Lao Geng direban bas ne, mai surutu kamar rediyo, shi ya sa aka ce sun dace. Da kakar bara ya dawo daga aiki, ya zauna a kujera yana jira ta zubo abinci, bai sake tashi ba.

Ɗansu guda ne, yana aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, ya zo jana'iza ya koma. Da Sabuwar Shekara ta matso, kowa a unguwa ya san abin da ke jiran Sulan. Gidan da aka yi rasuwa ba ya manna jar takardar fatan arziki a ƙofa, ba a zuwa masa barka da shekara, shi ma ba ya taka gidan kowa, don kada ya kai musu abin da ya same shi. Gari na ta tashin wasan wuta da ƙamshin suya, ita kuwa za ta zauna ita da kujerar nan.

Pang Ruyi ce ta ce ba za ta saɓu ba. Tare suka shiga masaƙa suna 'yan mata. Ruyi mace ce mai jiki da murya, ta rabu da mijinta tun tuni, kuma har yau ba ta gama ba da labarin ba. Zuciyarta fara ce tas, amma irin mutanen nan ce da suke yi maka alheri ko kana so ko ba ka so. Ita ta sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Chengdu, ta jawo ƙawarsu Du Xiaoman, ƙaramar cikinsu, wadda ko kuturun ɓera ta gani sai ta nemi wurin ɓuya.

"Otal ba gidan kowa ba ne," in ji Ruyi. "Titi ma ba gidan kowa ba ne. Tashi ki haɗa kaya, kada in ɗauke ki a kafaɗa."

Gaskiya kwanakin farko sun yi daɗi. Chengdu ta cika ta batse, kamar duk ƙasar ce ta juyo cikinta. Sun bi layin kallon panda har ƙafafunsu suka kumbura, da suka isa dabbar ta juya musu baya tana barci. Sun sha shayi a bakin tafki, wani mai goge kunne ya zura wa Xiaoman tsinke ta ƙwalla ihu kamar ana yanka ta. A nan ne Sulan ta yi dariya, ta farko tun kaka, har ta rufe baki don kunya.

Ranar da za su koma, da safe, Ruyi ta fito daga wanka tana waƙa.

"Yau babu bin layi. Gwaggona ta dafa mana."

Sulan ta ajiye kofinta. "A ina?"

"A kan bishiya. A gidanta mana!"

"Ruyi, kin manta ko ni wace ce bana?"

"Ke ce dai Sulan mai taliya. Na ce mata Lao Geng yana bakin aiki, direbobi ba su da hutu. Shi ke nan, magana ta ƙare. Wa ya san ki a Chengdu?"

"Ni na san kaina."

"Haba Yaya Sulan, a wannan zamanin? Ana tafiya duniyar wata, ke kina tsoron bakin ƙofa?"

Sulan ta ce su je, za ta jira su a ƙasa. Da haka suka fita. To amma sama ta ɓalle da yayyafi mai sanyi, gidajen abinci na unguwar duk a rufe, masu su sun tafi ƙauye. Suna isa gindin benen da gwaggon take, wata tsohuwa ta leƙo daga sama tana ɗaga hannu, tana ƙirga su da yatsa.

"Ku uku ne! Ku hau, kifi zai huce!"

Ruyi ta zaro jan gyale daga jaka ta naɗa wa Sulan a wuya, a kan baƙar rigarta. "Ta riga ta gan ki. In kika tsaya a nan me zan ce mata? Ki ci, ki yi murmushi, mu tafi."

Sulan ta hau. Ni da na san ta, har yau ina mamaki. Wataƙila sanyi ne, wataƙila kunyar tsohuwa, wataƙila kuma ta gaji da zama wadda ake kauce wa. A bakin ƙofar ga jar takarda sabuwa fil dama da hagu, da rubutun fatan arziki. Ta tsaya tana kallon dokin ƙofar. Ruyi ta ɗan ingiza ta ta baya, sai ga ta a ciki.

Gwaggo Pang ta haura tamanin, 'yar ƙarama ce, idonta kuwa kamar na shaho. Ta riƙe hannun Sulan biyu tana murna. Sannan ta kira matar jikanta daga ɗaki ta zo ta gaida baƙi. Yarinyar ta fito a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ciki ya yi gaba.

"Wannan Linlin ce," in ji tsohuwar, ta rage murya. "Sau biyu cikinta yana zubewa. Wannan karon ko tsintsiya ba na bari ta ɗauka. Ko maƙwabcinmu da uwarsa ta rasu na hana shi hawowa benen nan."

 Sulan ta dubi Ruyi. Ruyi ta shiga yabon labule, don ita ma ba ta san da cikin ba. Xiaoman kuwa fuskarta ta koma fara fat.

Aka zauna cin abinci. Kifi ɗungurungum a tsakiya, kaza da barkono, dunƙulen shinkafa mai zaƙi. Jikan, saurayi mai fara'a, yana ta cika musu kwano. Sulan ta zaɓi kujerar da ta fi nisa da Linlin, tana kaffa-kaffa kada ko hannun rigarta ya taɓa ta.

"To 'yata, maigidan naki," in ji Gwaggo Pang, "har ranar biki yana tuƙi?"

Ruyi ta buɗe baki za ta tare, amma Sulan ta riga ta.

"Yana tuƙi, Gwaggo."

"Yana ci da kyau dai?"

"Kai, ci kam ba a magana. In bai cinye kwano biyu ba cewa yake na yi masa rowa."

Aka yi dariya. Abin da ya ba Sulan tsoro shi ne daɗin da ta ji. Wata nawa ke nan babu wanda ya tambaye ta Lao Geng, kowa sai ya sunkuyar da kai ya canza magana. Sai ga shi bakinta ya ɓalle. Ta ba su labarin yadda yake gardama da fasinjoji a kan ƙwallo, yadda yake minshari har maƙwabta su buga bango, yadda yake shirin yin ritaya badi ya koyi kamun kifi. "Yana" take cewa, ba "ya kasance" ba. A teburin nan mijinta na da rai, yana can kan hanya, anjima zai dawo ya tambayi abinci. Xiaoman ta sunkuyar da kai tana tsintar ƙaya daga kifin da babu ƙaya.

Kwatsam Linlin ta ce "Wash!" ta dafe ciki. Tsinkayen mijinta suka faɗi ƙasa. 

"Ba komai, shuri ne," in ji yarinyar tana murmushin yaƙe. "Ɗan banzan nan yana son kifi."

Kowa ya sauke numfashi, ban da Sulan.  Ta yi wa Ruyi alama da ido su tashi. Ruyi ta fara kame-kamen jirgi zai tafi ya bar su.

"Ku dakata," in ji tsohuwar. Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar riga ja ta jariri, an ɗinke ta tsaf sai wuya, allura na maƙale da zarenta. "Ni na ɗinka, amma ɗinkin ƙarshe ba nawa ba ne, ni da mijina ya daɗe a ƙasa. Sai mace mai cikakken rabo, mijinta da rai, ɗanta da rai. Ruyi kam ta kori nata." Ta juya ga Xiaoman. "Ke kuma an ce ba ki haihu ba, kada ki ji haushi. Ke kuwa Sulan, 'yata, tun da Ruyi ta ba ni labarinki na ce ke nake jira. Soka mana, albarkarki ta bi yaron."

Ta ɗora rigar a cinyar Sulan.

Rigar ba ta fi tafin hannu biyu ba. Sulan ta zare allurar, don hannun masaƙiya ba ya ganin allura ya ƙyale. Linlin ta matso da kujerarta tana kallo, idonta cike da fata. Ruyi ta taka wa Sulan ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta raɗa mata, "Soka kawai, zare ne fa." Kuma gaskiyarta, zare ne. Soka ɗaya, a tafa, a yi sallama, babu wanda zai sani har abada. Sai dai in cikin nan ya sake zubewa, akwai mace ɗaya a Hanzhong da ba za ta ƙara barci ba.

Ta mayar da allurar inda ta same ta. Ta ɗauki rigar da hannu biyu ta ajiye a kan tebur, ta kwance gyalen ta ajiye a gefe.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Mijina ya mutu."

Ita kanta muryarta ta ba ta mamaki. Tun ranar da abin ya faru wasu ne suke faɗa mata, wasu ne suke faɗa wa mutane, ita ba ta taɓa furta kalmar da bakinta ba.

"Da kaka ya mutu. Bai kamata in shigo gidan nan ba. Na sani, kuma na shigo."

Linlin ta ja baya, hannuwanta biyu a kan cikinta. Jikan ya ce, "Kaka, wannan duk maganar da ce, likita ya ce..." Tsohuwar ta ɗaga yatsa ɗaya, ya haɗiye sauran. Ruyi ta fashe da kuka tana cewa laifinta ne, ita ta shirya ƙaryar, a zage ta ita. Gwaggo Pang ko kallonta ba ta yi ba. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba, ta je ta buɗe ƙofa ta tsaya a gefe.

Suka fita. Ƙofar ta rufe. Ruyi da Xiaoman suka gangara, Ruyi na jan majina tana mita, "Da kin yi shiru! Wa ya aike ki?" Sulan ta sauka 'yan matakai, sai ta tsaya cak. Daga bayan ƙofar ta ji ƙarar tsintsiya. A kwanakin farko na shekara babu mai shara, don arzikin shekarar ake sharewa waje, yaro ma ya san wannan. Tsohuwar ta gwammace ta zubar da arzikin gidanta duka, in dai sawun baƙuwar zai fita tare da shi. Sulan ta ji zafin abin har cikin ƙashinta, amma ba ta ji haushi ba. Da nata jikan ne a cikin nan, ita ma abin da za ta yi ke nan.

Tana nan tsaye aka buɗe ƙofar. Gwaggo Pang ta fito da abin kwasar shara a hannu, ta hango ta. Suka daɗe suna kallon juna, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa.

"Ya sha wahala?" in ji tsohuwar.

"A'a. A kujera, yana jiran abinci."

"Nawa mijin kam ya sha." Ta gyaɗa kai. "Shekarar farko ce mai wuya. Badi ki zo, ki ƙarasa mini labarin kamun kifin."

Hawaye ya zubo wa Sulan, ta buɗe baki za ta yi godiya.

"In yaron ya zo lafiya," in ji tsohuwar, ta koma ciki ta ja ƙofarta.