Farin Ƙwallon Yayan Matata

Da na ajiye kakin soja na dawo gida Zuru, kayana ba su wuce akwati biyu ba, sai sandunan golf guda biyar da wani hafsa ya bar mini, da rabin buhun tsofaffin ƙwallaye. Na yi shekaru ina kula da filin wasan hafsoshi a bariki, ina share bakin ramuka, ina kallon yadda manya ke gyara tsayuwa su buga. In sun tafi cin abinci ni ma in ɗan taɓa. Ƙwallayen duk tsintuwa ce daga cikin ciyawa, wasu sun yi rawaya, wasu sun tsage. A Zuru soja ba abin kallo ba ne, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wanda ya taɓa sa kaki ba. Amma sajen da ya iya wasan hafsoshi ni kaɗai ne, kuma na san da haka.

Bayan an cire dawa na roƙi wani fili a bakin hanyar Dabai. Na haƙa ramuka biyar, na binne gwangwanin tumatir a kowanne, na baje yashi kewaye. Wasan ba shi da wuyar ganewa: ka kora ƙwallonka har ya faɗa rami, wanda ya yi haka da bugu mafi kaɗan shi ya ci. Kafin damina ta faɗi mun zama mu shida, duk tsofaffin ma'aikata, har da wani kyaftin mai ritaya da wani tsohon hedimasta. Kowace Asabar da safe mu haɗu. Ni ke nuna riƙon sanda, ni ke raba gardama, ni ke ci. Kyaftin da bakinsa yake ce mini Malam. Na ƙare ƙuruciyata ina sara wa irinsa, yau ga shi yana tambayata inda zai ajiye ƙafa. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi ƙwarai.

Ana nan sai ga yayan matata a kan kekensa. Manomi ne a Dabai, bai taɓa aikin gwamnati ba. A gonar mahaifinsu na yi golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita, kuma tun a lokacin layin da ya nome ya fi nawa miƙewa. Ya jingina keke da bishiya, ya tsaya yana mana dariya.

"Saje, mi kuke nema cikin karan dawa, ku manya da ku?"

Na ce, "Zo ka gwada, Yaya, tunda abin dariya ne."

Na laluba buhu na zaɓo masa ƙwallon da ya fi kowanne lalacewa, mai wata tsaga a gefe kamar bakin da aka buɗe. Da gangan na yi, so nake a yi masa dariya. Ya riƙe sandar kamar ƙotar fartanya, bai bi ko ɗaya daga abin da nake koyarwa ba, ya ɗan ja da baya ya buga. Ƙwallon bai tashi sama sosai ba, amma ya tafi sak, ya sauka ya gangara kusa da yashi. Ya je ya ɗauko abinsa, ya jefa a aljihu, ya hau keke. Asabar ta gaba ya riga kowa zuwa.

A rani na biyu ya kamo ni. Yau in ci, wani mako ya ci. Wannan na iya haɗiye shi, don duk wanda ya yaba masa sai in ce ai ni na koya masa. Sai lokacin Kirsimeti 'yarsa da ke aiki a Legas ta aiko masa da kwalin ƙwallaye sababbi, guda goma sha biyu. Ya ɗauro kwalin a bayan keke ya kawo mana mu gani. Farare tas, kowane uku a nasu ƙaramin gida. Hedimasta ya ce ya ji an ce kuɗin guda ɗaya zai sayi zakara. Kowa ya karɓa ya juya, ya shinshina. Da aka miƙo mini na ce hannuna da datti.

Asabar da ta biyo baya ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani ƙwallo fari fat, yana ƙyalli a rana. Daga ranar ban sake cin sa ba.

Na ji kishi, irin wanda ban taɓa ji ba ko a bariki lokacin da ake ƙara wa na bayana girma. Na daina jerawa da shi a fili. In zai buga sai in koma can nesa in juya baya, wai ina duba iska, amma kunnena na wurin. Ƙarar bugunsa kaɗai ta isa ta ɓata mini yini. Ranar Lahadi a coci yana zaune a gabana, fasto na wa'azi, ni kuwa ina kallon ƙeyarsa ina sake lissafa bugun jiya. A gida ma ban bar matata ta huta ba.

"Ƙwallon ne," na ce mata. "A ba ni irinsa mu gani."

Ta ce, "To ka roƙe shi ɗaya mana. Yaya ba ya rowa."

Ni in roƙi wanda na koya wa riƙon sanda? Na ture kwanon tuwo na fita.

Kyaftin ma ya sha bayani. Na zayyana masa duk abin da na taɓa ji a bakin hafsoshi, cewa ƙwallo mai tsada fatarsa laushi gare ta, yana jin magana, in ya sauka kusa da rami tsayawa yake ba ya zarcewa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, wannan ai na ƙwararru ne. Mu da ba ma samun tsakiyar ƙwallo, ko na zinariya aka ba mu kwazazzabo zai faɗa." Akwai wani kwazazzabo a hagun rami na uku, kuma kowa ya san ƙwallon wa ya fi ziyartarsa. Kwana uku ban amsa gaisuwar kyaftin da kyau ba.

Sai na kafa doka. Wata Asabar, kowa ya hallara, na zazzage buhuna a ƙasa na ce daga yau ba mai zuwa da ƙwallo daga gida, kowa a nan zai ɗauka, don a yi adalci. Ban ambaci kowa ba, kuma ba wanda bai gane ba. Yaya yana tsaye, hannunsa cikin aljihu. Ya dube ni, ya dubi tarin ƙwallayen.

"To, Saje. Filinka ne."

Ya hau kekensa ya tafi. Ranar na ci da tazara mai kyau, na kuma ci Asabar uku a jere. Ba wanda ya yi gardama, ba wanda ya yi dariya. Hedimasta ya soma cewa gwiwarsa na damunsa. Kyaftin ya koma kirana Saje.

Aka yi wata guda a haka. Da hadari ya soma haɗuwa ta gabas sai matata ta ce in je Dabai in karɓo mana irin dawa wurin Yaya, wai ƙafarta na ciwo. Na ga ƙafar nan ta je kasuwa jiya lafiya lau, amma na tafi.

Na tarar ya zaga gona. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo kunu, muka gaisa. Ta ce bari ta haɗa wa ƙanwar mijinta ƙwai, sai dai bayanta ba ya son sunkuyo, ko zan taimaka in zura hannu a akurki. Na durƙusa na laluba cikin ciyawar da kaji ke kwanciya. Na ciro ƙwai ɗaya, na ciro na biyu. Na uku da na taɓa sai na ji shi da nauyi, jikinsa duk ƙananan ramuka. Na fito da shi haske. Ƙwallon golf ne sabo, ko ƙwarzane babu, sai kashin kaza a gefe.

"A'a, mai da wanga, na kaji ne," in ji ta. "In ba su ga ƙwai a wuri ba, sai su tai daji su zuba. Da ƙwai na gaske nike bar musu, ya ruɓe ko maciji ya sha. Wanga kuwa ba ya ruɓewa."

Na ce, "Guda nawa kika sa?"

"Duka. Tun randa ya kai muku kuka gani ya ba ni. Ya ce sun yi mishi santsi a ido, ba ya iya dukan abu mai kyau haka."

"To da wanne yake wasa?"

Ta nuna mini bakin taga. Wani ƙwallo na nan a kan murfin gwangwani, kusa da ragowar farin fentin da aka shafe coci da shi. Ta ce idonsa ya soma rauni, ba ya ganin ƙwallon cikin kara, shi ya sa yake shafa masa fenti duk ranar Alhamis ya bushe kafin Asabar. Na ɗauka na juya. A ƙarƙashin fentin ga tsagar nan, kamar bakin da aka buɗe. Da na taɓa tsayawa kusa da shi sau ɗaya a cikin watannin nan, da na gani.

Ina riƙe da shi Yaya ya shigo da fartanya a kafaɗa. Ya ga abin da ke hannuna, ya ajiye fartanyar, ya wanke hannu, ya zauna. Sai da muka gama gaisuwa har da tambayar gajiya, sannan na iya buɗe baki.

"Yaya, me ya hana ka faɗa ranar nan? Da ka fito da shi kowa ya gani."

Ya ce, "In fito da shi gaban kyaftin da hedimasta? Bayan duk bayanin da ka yi musu? Ina za ka sa fuskarka, Saje? Ƙanwata na ɗakinka."

"Da ka ɗauki wani a buhun, ai da ka ci ni duk da haka."

"Shi ya sa na tafi," in ji shi.

Na rasa inda zan duba. Kunya ta kama ni, amma gaskiya ba ita kaɗai ba ce. A zaune a kan tabarmar nan na ji wani sabon kishi ya taso, don na san da ni ne a matsayinsa, da na ɗaga ƙwallon nan sama na zaga fili da shi kowa ya gani. Ya fi ni bugu, yanzu kuma ga wannan.

Da zan tafi ya auna mini irin dawa, ya sa hannu a akurki ya ciro ƙwallaye uku ya jefa cikin jakar, matarsa na mita. Ya ce in gwada, ko na dace.

Asabar ta ƙarshe kafin a yi shuka ya dawo fili. Ban yi jawabi ba, buhun kawai na bari a gida, kowa ya gane. A rami na uku na fito da sabon ƙwallo, wanda na wanke da sabulu har sau biyu. Na gyara tsayuwa yadda hafsoshi ke yi, na buga da duk ƙarfina. Ya tashi da kyau, fari tas, ya karkata hagu, ya faɗa kwazazzabo daidai inda 'yan'uwansa tsofaffi ke faɗawa. Kyaftin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Yaya ya sa hannu a aljihu, ni kuma a karon farko na matso na tsaya kusa da shi ina kallo.

Washegari bayan coci na mayar wa kaji da kayansu.